Zari-rugar Amurka: Abin da tsohon ɗan wasa ke gani wanda 'yan kallo ba sa gani

A daren Lahadi 20 ga Janairun 2019, ƙungiyoyin New England Patriots da Kansas City Chiefs suka kara a filin Arrowhead, domin fitar da wadda za ta je wasan ƙarshe na gasar zari-rugar Amurka, wato Super Bowl. Patriots ce ta yi nasara da ci 37 da 31 bayan ƙarin lokaci. Sai dai washegari, mutumin da aka fi yin maganarsa a Amurka bai taɓa ƙwallo ba a wannan dare.

Sunansa Tony Romo, yana zaune ne a ɗakin sharhi na gidan talabijin na CBS. Sau da dama a ƙarshen wasan, kafin a saki ƙwallo, sai ya faɗi abin da za a yi, kuma a yi shi ɗin. Da ya ga Tom Brady ya sauya dabara a bakin layi, ya ce za a ruga da ƙwallon ta hannun dama; aka ruga ta dama, Sony Michel ya ci. Da ya ga Rob Gronkowski ya fita gefe da mai tsaro ɗaya tak a kansa, ya ce can za a jefa. Can aka jefa. A ƙarin lokaci ya ce a sa ido kan Julian Edelman ta tsakiyar fili, Edelman ya cafke ta tsakiyar fili.

Masu kallo suka yi ta tsokanarsa da cewa boka ne. Amma babu tsafi a ciki. Shekara 14 Romo ya yi a ƙungiyar Dallas Cowboys yana tsayawa daidai wurin da Brady ya tsaya.

Yadda wasan yake

Ga wanda ya saba da ƙwallon ƙafa, zari-rugar Amurka kan yi kama da rikici: mutane su yi sahu, su yi karo, su faɗi, alƙalin wasa ya busa, su tashi su sake. Kowane ɓangare na da mutum 11 a fili. Tsawon filin yadi 100 ne, ban da yadi goma-goma a kowane ƙarshe inda ake cin maki. Ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo tana da dama huɗu ta ci gaba da yadi 10. Idan ta cim ma hakan, a sake ba ta huɗu. Idan ta kasa, ƙwallo ya koma hannun abokan hamayya. Wanda ya tsallake layin ƙarshe da ƙwallo ya ci maki shida, wanda ya buga shi da ƙafa ya bi ta tsakanin turaku ya ci uku.

A agogo wasan minti 60 ne, amma yakan ɗauki sa'a uku ko fiye. Wani ƙididdiga da jaridar Wall Street Journal ta yi a 2010 ya nuna cewa lokacin da ƙwallo ke motsi a zahiri bai wuce kimanin minti 11 ba. Ɗan kallo yakan ɗauki sauran lokacin a matsayin jira, alhali ga ɗan wasa a nan ne ake yin rabin aikin.

Tsakanin wannan yunƙuri da na gaba akwai daƙiƙa 40. Koci yana magana da jagoran masu kai hari, wanda ake kira kwatabak, ta wata rediyo da ke cikin hular kwanonsa. Idan saura daƙiƙa 15 sai a yanke rediyon. Daga nan ba shi da kowa. Zai dubi masu tsaron baya 11, waɗanda da gangan suke tsayuwar yaudara, ya ƙirga nawa ne za su afko masa, ya duba ko masu gadin can baya biyu ne ko ɗaya, ya yanke shawarar ci gaba da dabarar koci ko sauya ta. Bayan an miƙo masa ƙwallo, abin da ya rage masa bai fi daƙiƙa uku ba kafin ƙatti su rufto.

Ɗan kallo yana bin ƙwallo da ido, domin ita kyamara ke bi. Kwatabak kuwa an horar da shi ya dubi ko'ina ban da ƙwallon. Hoton da ke nuna duka 'yan wasa 22 daga sama, wanda da shi ƙungiyoyi ke nazari, sai a 2012 hukumar NFL ta fara sayar wa jama'a shi. Kafin nan, masu gadin bayan da kwatabak ke karantawa galibi ko fitowa ba sa yi a allon talabijin.

Makarantar da Romo ya yi

Romo bai shigo gasar da gata ba. Ya yi wasa a ƙaramar jami'ar Eastern Illinois, kuma a zaɓen sababbin 'yan wasa na 2003 babu ƙungiyar da ta ɗauke shi. Cowboys ta karɓe shi daga baya a matsayin ɗan cike gurbi. Ya yi fiye da shekara uku a benci yana kallo da nazarin faifai, sai a Oktoban 2006 ya karɓi jagoranci daga Drew Bledsoe.

Abin da ya koya bayan nan, da jikinsa ya biya. A 2010 ƙashin wuyansa na kafaɗa ya karye. A 2011, a wasa da San Francisco 49ers, haƙarƙarinsa ya karye har huhunsa ya huje, amma ya dawo fili ya jagoranci ƙungiyarsa ta yi nasara. A 2015 ƙashin kafaɗar ya sake karyewa har sau biyu a kaka ɗaya. A 2016, tun a wasannin share fage, ya samu karaya a ƙashin baya. Matashi Dak Prescott ya maye gurbinsa, kuma bai sake ba shi wurin ba. A Afrilun 2017 Romo ya yi ritaya, CBS ta zaunar da shi kusa da Jim Nantz ba tare da ya taɓa yin aikin sharhi ba.

Mutumin da kuskuren karanta tsayuwar abokan hamayya ya taɓa karya masa ƙashi, kallonsa ga wannan tsayuwar ba zai zama ɗaya da na mai cin gyaɗa a kan kujera ba. Jiki magayi. Abin da ya sa gidajen talabijin ke zuba kuɗi kan irin waɗannan mutane ke nan. A 2020 an ruwaito CBS ta sabunta kwantiragin Romo a kan kimanin dala miliyan 17 a shekara. Tashar Fox kuma ta ƙulla da Tom Brady a kan dala miliyan 375 na shekara 10, ya fara aiki a 2024.

Waɗanda suka koya ba a fili ba

Sai dai duk wanda ya ce sai tsohon gwarzo ne kaɗai zai fahimci wasan, tarihi zai ƙaryata shi. A gefen fili a wancan dare na 2019, mutumin da ya tsara wa Patriots wasanta shi ne Bill Belichick, wanda bai taɓa buga wasan ƙwararru ba. Iyakarsa ƙaramar jami'ar Wesleyan. Makarantarsa ta gaskiya ita ce mahaifinsa Steve, wanda aikinsa shi ne leƙo asirin abokan hamayya ga ƙungiyar kwalejin sojan ruwa da ke Annapolis. Tun yana yaro Bill ke zama da shi suna warware faifai. A 1975 ya fara aiki da Baltimore Colts a kan dala 25 a mako. Ya ƙare da kofin Super Bowl shida a matsayin babban kocin Patriots.

Labarin John Madden ya fi nuna inda sirrin yake. Philadelphia Eagles ta zaɓe shi a 1958, amma gwiwarsa ta lalace a sansanin atisaye kafin ya buga wasa ko ɗaya. A lokacin jinya yakan shiga ɗakin da kwatabak ɗin ƙungiyar, Norm Van Brocklin, ke kallon faifai, ya zauna yana sauraron bayaninsa. Madden ya sha faɗa cewa a wannan ɗakin ya koyi wasan. Kafin nan gurbinsa kaɗai ya sani, na mai tare hanya a layin gaba. A nan ya fara ganin duka filin.

Ya zama babban kocin Oakland Raiders a 1969 yana ɗan shekara 32, ya ci Super Bowl a Janairun 1977, sannan ya shafe kusan shekara 30 yana sharhi, yana zane da alƙalami a kan allon talabijin domin nuna wa masu kallo wanda ya buɗe hanya da wanda ya yi sake. Da aka zo yin wasan kwamfuta mai ɗauke da sunansa, ya ƙi amincewa sai an sa mutum 11 a kowane ɓangare, ko da yake kwamfutocin lokacin da ƙyar suke iya ɗauka. Wasan bai fito ba sai 1988.

Darasin shi ne, buga wasa ba ya ba mutum fahimta kai tsaye. Gurabun sun bambanta ƙwarai: mai tare hanya zai iya yin shekara goma bai riƙe ƙwallo ba, mai bugu da ƙafa kuma ya shiga fili sau biyar kacal a wasa. Kowa ya san lungunsa. Kwatabak ne aikinsa ya tilasta masa sanin aikin kowa, shi ya sa yawancin manyan kujerun sharhi suke hannun tsofaffin masu wannan gurbi.

Waɗanda suka shigo daga waje

Akwai kuma waɗanda sai da suka shiga fili wasan ya yi musu ma'ana. Christian Okoye, haifaffen Inugu, ya je jami'ar Azusa Pacific a jihar Kalifoniya a matsayin ɗan wasan jifan faifai. Da bai samu shiga tawagar Najeriya ta gasar Olamfik ta 1984 ba, sai ya juya ga zari-ruga yana ɗan shekara 23, wasan da a farkon ganinsa bai burge shi ba. Kansas City Chiefs ta ɗauke shi a 1987, kuma a 1989 ya fi kowa a gasar nisan gudu da ƙwallo, da yadi 1,480.

Jordan Mailata na Ostireliya ya fi shi shigowa a makare ta fuskar sani. Ɗan zari-rugar ƙasarsu ne, kuma lokacin da Eagles ta zaɓe shi a zagaye na bakwai a 2018, bai taɓa buga wasan Amurka ko sau ɗaya ba. Girma da ƙarfi yana da su tun ranar farko, amma sai a 2020 ya fara buga wasan gasa. Shekara biyun nan sun tafi ne wajen koyon inda ake ajiye ƙafa, da inda ake sa hannu, da gane wanda zai afko kafin ya motsa. A Fabrairun 2025 yana cikin waɗanda suka ɗaga kofin Super Bowl bayan doke Chiefs.

Sanin da ke sa a ajiye hula

Wani ɓangaren sanin ba ya kai mutum kujerar sharhi, fitar da shi yake yi daga wasan gaba ɗaya. A Maris 2015, Chris Borland na San Francisco 49ers ya yi ritaya yana ɗan shekara 24, bayan kaka ɗaya tak da ya yi fice a cikinta, saboda tsoron abin da yawan karo zai yi wa ƙwaƙwalwarsa. A Agustan 2019 Andrew Luck na Indianapolis Colts, ɗaya daga cikin fitattun kwatabak na zamaninsa, ya ajiye wasa yana da shekara 29, ya ce raunuka da jinya marar ƙarewa sun raba shi da daɗin wasan. Wasu magoya bayan ƙungiyarsa sun yi masa ihu yana fita daga fili.

Tsoron Borland na da tushe. A 2017 masu bincike a jami'ar Boston, ƙarƙashin Dokta Ann McKee, sun duba ƙwaƙwalen mamata 111 da suka yi wasa a NFL, suka samu cutar lalacewar ƙwaƙwalwa da ake dangantawa da yawan bugun kai a 110 daga ciki. Masu binciken da kansu sun ja hankali cewa iyalan da suka ga alamun rashin lafiya ne suka fi ba da ƙwaƙwalen, don haka adadin ba ya wakiltar kowane ɗan wasa. Duk da haka, ya sauya yadda ake magana kan irin karon da a da tashoshi ke maimaitawa don nishaɗi.

Shi ma ilimin fili yana tsufa. Dabaru na sauyawa kowace kaka, kuma 'yan shekaru bayan daren Arrowhead wasu masu sukar harkar talabijin suka fara cewa hasashen Romo ya ragu, tunda yawancin waɗanda ya yi gumurzu da su sun bar wasa. Belichick da Madden sun daɗe ana damawa da su ne saboda ba su daina zama gaban faifai ba.

Ga mai son gwada idonsa, shawarar da masana wasan suka saba bayarwa mai sauƙi ce. A wasa na gaba, kafin a saki ƙwallo, ya bar kallon kwatabak, ya ƙirga masu gadin da ke can baya. Idan biyu ne, akwai sarari a gaba kuma gudu da ƙwallo ya fi sauƙi. Idan ɗaya ne, an ƙara mutum a layin gaba, kuma wani a gefe ya rage shi da mai tsaro ɗaya tak, kamar yadda Gronkowski ya rage a Kansas City.