Tafiye-tafiye 16 da Ba a Ƙirga Ba

Ranar 28 ga Janairun 1986, kumbon Challenger ya tarwatse a sararin samaniyar Fulorida, daƙiƙa 73 bayan tashinsa. Mutum bakwai da ke ciki duk suka rasu. Ba a jima ba aka gano musabbabin: zoben robar da ke toshe mahaɗar roka ya ƙandare saboda sanyi, iskar wuta ta sami kafar fita.

Sai dai akwai abin da ya fi wannan ɗaure kai. A daren jajibirin tashin, injiniyoyin kamfanin Morton Thiokol sun nemi hukumar NASA ta ɗage tafiyar saboda sanyin. Bayanan tafiye-tafiyen baya suna nan a ajiye. To, me ya hana alƙaluma su raba gardama?

Bakin zaren yana cikin abin da aka tattauna a daren. Injiniyoyin sun kafa hujja da tafiyar Janairun 1985, wadda zobenta ya lalace a ma'aunin Salshiyos 12. Aka mayar musu da cewa ai a Oktoban shekarar ma an ga irin haka, alhali ma'aunin na kan 24. Idan matsalar na aukuwa a sanyi da ɗumi, ina laifin sanyi?

Kwamitin bincike na Rogers ya bi sawun wannan hujja. Da aka jera tafiye-tafiye 7 da zobensu ya sami illa, lallai babu wata alaƙa a fili: wasu a sanyi, wasu a ɗumi. Amma kumbunan sun tashi sau 24 kafin ranar. Ina sauran?

Ɗaya babu bayaninta, domin rokokinta sun nutse a teku a 1982. Saura 16 kuwa lafiya lau suka dawo, shi ya sa ba wanda ya waiwaye su. Da aka mayar da su cikin lissafi, sai gaskiya ta yi halinta. Dukkansu a ɗumi suka tashi. Tafiye-tafiye 4 da aka yi a ma'auni 17 ko ƙasa da haka, babu wadda ta tsira daga illa. Cikin 19 na ɗumi kuwa, 3 kacal.

A 1989 masana ƙididdiga Dalal da Fowlkes da Hoadley suka ɗora lissafin gano alaƙa a kan tafiye-tafiye 23 ɗin. Suka ƙiyasta cewa a sanyin da aka yi hasashensa na wannan safiya, yiwuwar mummunan haɗari ta kai kashi 13 cikin 100. Da an jira ma'aunin ya hau 16, da ta sauko wajen kashi 2.

Giɓi biyu ne a nan, kuma ba ɗaya suke ba. Nutsewar rokoki ba ruwanta da halin zoben, don haka rashin bayanin wannan tafiya bai karkatar da sakamako ba. Su kuwa 16 ɗin, sakamakonsu ne ya sa aka ajiye su, wannan kuwa shi ke ɓatar da lissafi. Irin wannan bambanci Donald Rubin ya fayyace tun 1976: dalilin ɓacewar bayani ya fi yawan abin da ya ɓace muhimmanci.

Yau manhajojin ƙididdiga da yawa kan zubar da duk layin da bai cika ba, su miƙo amsa tsaf. Wajibi ne mai bincike, kafin ya amince da amsar, ya tambayi wa aka bari a waje, kuma don me.