Fatalwa a Takarda da Fatalwa a Dandali

A jami'o'i da makarantun koyon kiɗa na Ingila da Amurka, ɗalibai sukan gwada wani wasan kwaikwayo na waƙa, irin wanda Turawa ke kira opera, mai suna The Turn of the Screw. Ma'anar sunan ita ce ƙara murɗa ƙusa, watau ƙara tsanani bisa tsanani. Dalilin da ya sa ɗalibai ke zaɓensa a fili yake: mawaƙa shida ko bakwai sun isa, makaɗa kuwa 13 ne kurum. Amma fa akwai wani ƙulli cikinsa wanda ya cancanci malaman adabi su dube shi.

Asalin wasan labari ne da Henry James ya wallafa cikin shekarar 1898. Wata budurwa ce aka ɗauka aikin reno da karantar da marayu biyu, Miles da ƙanwarsa Flora, a wani babban gida da ake kira Bly. Baffan yaran ya gindaya mata sharaɗi, kome ya faru kada ta dame shi. Ba a daɗe ba ta soma ganin fatalwar mutum biyu, Peter Quint baran maigida, da Miss Jessel wadda ta gada a wannan aiki. Sai ta sakankance sun dawo ne su hallaka yaran. Ƙarshe Miles ya mutu a hannunta.

Ƙarfin labarin shi ne, daga bakin malamar kaɗai aka ji shi. Fatalwan ba su ce uffan ba, kuma babu wanda ya amsa cewa ya gan su sai ita. Sabo da haka mai karatu yakan rasa abin kamawa: shin yaran take ceto, ko kuwa tsoronta ne ya yi ajalin yaron? Cikin 1934 Edmund Wilson, wani manazarci Ba'amurke, ya kawo hujjoji cewa gizo ne idonta ke yi mata. Tun daga sa'an nan masana ba su daina gardamar ba.

To, dandali ba shi da wannan rufin asiri. Abin da ya tsaya gaban 'yan kallo, kowa ya gan shi da idonsa. Da Benjamin Britten ya tsara kiɗan, Myfanwy Piper kuma ta rubuta baitocin, sai suka bai wa fatalwan murya. An fara nuna wasan a birnin Benis na Italiya ran 14 ga Satumba, 1954. Amma ba su yi gaggawa ba. Da fari Quint yakan bayyana shiru, a kan hasumiya, sa'an nan a taga, da wani amo mai kama da ƙararrawa yana rakiyarsa. Ba a jin muryarsa sai a fitowa ta takwas, cikin dare, yana kiran Miles da waƙa mai daɗi ƙwarai. Nan ne abin firgitar yake, gama mai kallo shi ma ya ji zaƙin kiran da ke jan yaron.

Har wa yau, Britten ya nemi tsananin da littafin ke da shi ta wata hanya. Ya gina wasan bisa karin sauti guda mai gaɓa 12, wanda ke dawowa cikin sabuwar kama tsakanin fitowa da fitowa, sau 15, kamar ƙusar da ake ta murɗawa.

Ke nan malamin da ke shirya ɗalibai tilas ya yanke shawara. In ya fito da fatalwan cikin hasken fitila sosai, ya wanke malamar daga zargi. In ya bar su cikin duhu bayan labule, kusa da inda take tsaye, ya bar shakka a zukatan jama'a. Ko wace ya ɗauka, ya yi wa littafin fassara. Wannan shi ne abin da ya kamata a nuna wa ɗalibi duk lokacin da za a mai da labari wasa: a fara tambayar wa ke ba da labarin, da abin da za a rasa in an kawar da shi.