Farashin sa tayil ta WhatsApp: abin da waya ke iya aunawa, da wanda ke ɓuyar mata

Yanzu yawancin cinikin sa tayil a waya yake farawa. Mai gida zai zagaya ɗaki yana ɗaukar bidiyo, ya tura wa mai tayil ta WhatsApp tare da tambaya: "Oga, nawa za ka yi min wannan?" Shi kuwa mai tayil, don kada wani ya riga shi, sai ya duba bidiyon sau ɗaya ya yanke jinga. Ranar fara aiki ce ake gano cewa daɓen ya yi tudu a tsakiya, ya zurma wajen ƙofa. Daga nan sai a soma maganar ƙarin siminti da ƙarin kwana, mai gida na ganin ana so a cuce shi, mai aiki na ganin zai yi aikin asara. Sau da yawa babu maƙaryaci a cikinsu. Kyamara ce ba ta nuna bambancin santimita biyu ko uku a ƙasa, alhali a nan kuɗin yake ɓuya.

Lissafin faɗin ɗaki shi ne ɓangaren da waya ta fi amfani. Ɗakin da aka saba ginawa, mai ƙafa 12 tsawo da ƙafa 12 faɗi, yana da mita 3.66 kowane gefe, wato murabba'in mita 13.4. Tayil mai santimita 60 sau 60 yana rufe murabba'in mita 0.36, kuma galibi guda huɗu ne a kwali, wato 1.44. Ana ƙara kashi 10 cikin ɗari saboda yanka da fashewa, ko kashi 15 idan a karkace za a jera. Kalkuletar waya za ta ba da kwali 10 da ɗoriya, wanda a kasuwa yana nufin 11. Idan za a zagaye gindin bango da siririn tayil, a ƙara kwali guda.

Wuri ɗaya ne matasa ke yawan tuntuɓe a nan. Magina da ƙafa suke magana, masu sayar da tayil a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Dei-Dei ta Abuja kuma da murabba'in mita suke lissafi. Murabba'in mita ɗaya ya kai murabba'in ƙafa 10.76. Manhajar lissafin tayil da aka bari a kan ƙafa, aka zuba mata lambobin mita, za ta fitar da amsar da ba ta kai ko kashi ɗaya cikin goma na gaskiya ba.

Manhajojin awo da kyamara fa? Apple ya saka manhajar Measure a iPhone tun 2018, kuma daga iPhone 12 Pro na 2020 aka ƙara na'urar LiDAR mai harba haske don gane nisa, abin da ya gyara awon sosai. Google ma ya taɓa fitar da tasa Measure ɗin a Android, amma ya daina ta a 2021, ko da yake akwai wasu da yawa a Play Store. Duk suna da kyau wajen ƙiyasin farko. Sai dai a ɗakin da babu haske sosai, ko bango fari fes babu wata alama, sukan kauce da 'yan santimitoci. Wanda zai fitar da kuɗi ya sayi kaya, gara ya tabbatar da tef ɗin awo.

Inda wayar ke gazawa

Kusan kowace waya tana iya zama ma'aunin lebur. Na'urar da ke juya allo idan an karkata waya ita ce manhajojin ke amfani da ita su nuna ɗigon da ke yawo kamar kumfar ma'aunin magina. Matsalar ita ce tsawon waya bai wuce santimita 15 zuwa 17 ba. Abin da take faɗa labarin wannan ɗan gurbin ne kawai. Za ta iya nuna sifili a tsakiyar kwari, ta sake nuna sifili a kan tudu, alhali tsakaninsu akwai santimita uku. Ga kuma tudun kyamara a bayan wayoyin zamani, wanda ke hana su kwanciya daidai tun farko. Idan dole sai an yi da waya, a ɗora ta a gefenta bisa miƙaƙƙen ƙarfen alminiyom mai mita biyu, sannan a duba awon sau biyu, a juya kan wayar a karo na biyu.

A gaskiya ƙarfen ne ke yin aikin. Ana kwantar da shi a wurare daban-daban, a leƙa ƙarƙashinsa. Ƙa'idar da ake bi a Ingila ita ce kada ramin da ke ƙarƙashin ƙarfe mai mita biyu ya wuce milimita uku idan da gam za a liƙa tayil. Da dare ko a ɗaki mai duhu, tocilan waya na da nata amfanin: a ajiye ta a ƙasa tana haska daɓen daga gefe, inuwa za ta fito da kowane tudu da rami.

Don sanin bambancin wannan kusurwa da waccan, tsofaffin magina na amfani da siririn tiyo garai-garai cike da ruwa. Ruwan da ke bakinsa biyu kullum a tsayi ɗaya yake tsayawa, don haka ana yin alama a bango a zagaye ɗakin, a auna daga alamar zuwa ƙasa. Na'urar lebur mai hasken lesa aikin nan take yi cikin sauri: tana zana jan layi ko kore a duk bangon lokaci guda, kuma masu kyau ba sa kaucewa fiye da milimita uku a mita goma. Mai tayil da ke samun aiki a kai a kai, wannan na'ura za ta fi yi masa amfani a kan sabuwar waya. Amma tiyo ba ya buƙatar caji, kuma har yau bai yi ƙarya ba, in dai an fitar da kumfar iska daga cikinsa.

Kowace santimita buhu ce

Da zarar an san inda ya fi tudu, daga nan ake ɗaukar lebur, domin sauran ɗakin ne zai taso ya same shi. Ga abin da hakan ke ci. A ɗakin nan mai ƙafa 12, idan ana kwaɓa siminti ɗaya da yashi huɗu, kowace santimita guda ta kauri tana shan kusan buhun siminti ɗaya mai kilo 50, ban da yashi da kuɗin lebura. Daɓen da ke buƙatar cikon santimita uku ya ci buhu uku ke nan kafin a ɗora tayil ko ɗaya. A gida mai ɗaki uku da falo, maganar ta kai buhu goma sha wani abu. Shi ya sa idan tudun ƙarami ne a wuri guda, sare shi da guduma da kurfi ya fi arha a kan ɗaga ɗaki gaba ɗaya.

Akwai kuma ƙofa. Ciko na santimita uku da tayil na kusan santimita ɗaya sun ɗaga ƙasa da huɗu. Ƙofar katako ana iya rage ta, ta ƙarfe kuwa sai an kira mai walda. Banɗaki shi nasa daban ne: ba lebur ake so ba, gangara ake so ta santimita ɗaya zuwa biyu a kowace mita zuwa magudana, kuma ƙasansa ya ɗan fi na ɗaki sauka.

Idan jinga ta yi wa mai aiki kaɗan, yana da hanyar fita, kuma mai gida ne zai biya daga baya. Maimakon ya daidaita ƙasa, sai ya ɗiga kwaɓi a kusurwa huɗu da tsakiyar tayil, ya danna har saman ya yi daidai. Ido ba zai gane ba. Amma ƙarƙashin akwai kogo, kuma ranar da ƙafar gado ko tukunyar gas ta sauka a kai, tayil ɗin zai tsage. Ana gane wannan da ƙwanƙwasawa da mabuɗi: wanda ya zauna sosai sautinsa a toshe yake, mai kogo kuwa kamar ganga. Manyan tayil na 60 sau 60 da 60 sau 120, waɗanda ake yayi yanzu, sun fi ƙanana rashin haƙuri da ƙasa mara daidai, domin gefensu yakan taso ya riƙa kama yatsa.

Saboda haka masu aikin da suka san ciwon kansu ba sa tura lamba ɗaya tak. Farashin da suke bayarwa daga bidiyo sukan rubuta cewa ƙiyasi ne, har sai sun zo sun auna. Bayan awo sai su raba shi: kuɗin jera tayil a kowane murabba'in mita, kuɗin gyaran ƙasa tare da kaurin da aka amince, kuɗin gindin bango a kowace mita, sai matakala da cire tsohon tayil idan akwai. A rubuta wanda zai sayi siminti, yashi, gam da abin cike tsaga. A rubuta kwanaki ma, domin sabon daɓen da za a liƙa wa tayil da gam yana son kamar mako uku ya bushe, kuma mai gidan da ya sa ranar tarewa ya kamata ya ji wannan tun farko.

Duk wannan a rubuce ya kamata ya kasance a WhatsApp, ba a saƙon murya ba, tare da hotunan ƙarfen awo a kan ramukan. A ɗauki hoton jikin kwalin tayil ma, inda aka buga lambar launi da ta rukunin da aka ƙera. Idan kaya suka gaza aka koma kasuwa, tayil mai suna ɗaya daga wani rukunin yakan bambanta a launi, wani lokaci har da milimita ɗaya a girma, kuma wannan hoton ne mai shago zai duba ya nemo irinsa.