Baƙar Jijiya a Cikin Dutse

Idan ka bi ta Sabo a Ibadan ka tarar da inda ake gini, tsaya ka dubi tsakuwar da tifa ta juye. Masu sayarwa giranit suke kiranta duka, amma masana duwatsu ba su yarda ba. Mafi yawanta fara ce mai ɗigo-ɗigo, ƙwayoyinta manya, ido yana rarrabe su. Wani lokaci kuma za ka tsinci baƙa mai nauyi, wadda sai ka ƙura ido kafin ka ga ƙwayoyinta. Mai yiwuwa wannan ita ce dolarait.

Giranit da dolarait duka daga narkakken dutse suka samu. Abin da ya bambanta girman ƙwayoyinsu shi ne inda kowanne ya huce. Narkakken dutsen da ya tsaya can ƙarƙashin ƙasa yana hucewa sannu a hankali, ƙwayoyinsa su sami sukunin girma. Haka giranit ya samu. Wanda ya yi aman wuta ya malalo waje nan da nan yake daskarewa, ƙwayoyinsa ba sa ganuwa. Akwai kuma na tsakiya, wanda ya taso ya shiga tsagar wani tsohon dutse, ya daskare kusa da doron ƙasa bai fito ba. Kamar ruwan siminti ne da aka ɗura a tsagar bango. A wuraren fasa dutse na kewayen Ibadan ana ganin irinsa, baƙar jijiya ta ratsa farin dutse. Ka riƙe wannan: jijiyar ita ce ƙarama a shekaru, domin sai da bango ake samun tsaga.

Launi kaɗai ba ya isa a raɗa wa dutse suna, kuma nan ne ɗalibai suka fi yin kure. Masani yakan yanki ɗan ɓalli, ya goge shi har kaurinsa ya koma milimita 0.03, haske ya iya ratsa shi, sa'an nan ya sa shi a madubin ƙara girma ya ƙidaya ma'adinansa. In ya ga felsifa da firoksin, kwaz kuwa babu ko kaɗan ne, dolarait ke nan. In kwaz ya yi yawa kamar na giranit, ƙwayoyin ne kawai ƙanana, sai ya ce ƙaramin giranit ne.

Wani iri ya fi ban sha'awa: manyan ƙwayoyi warwatse cikin ƙanana, kamar gyaɗa cikin alewa. Sunansa fofiri. Sau biyu ya huce, ya fara a zurfi, ya ƙarasa a sama. A Riruwai, ƙaramar hukumar Doguwa ta Jihar Kano, inda aka daɗe ana haƙar kuza, jijiyar fofiri ba miƙewa ta yi ba, zobe ta yi, ta kewaye gindin wani dutse mai aman wuta da ya mutu kimanin shekara miliyan 170 da suka wuce.