Haɗarin Ƙarin Jinin da Bai Dace da Jiki Ba

Jajayen ƙwayoyin jinin ɗan Adam suna ɗauke da wasu alamomi da ake gado daga iyaye. Karl Landsteiner ne ya gano su a 1901, ya kasa jini zuwa rukunin A, B da O, daga baya aka ƙara AB. A 1940 kuma aka gano alamar Rh, wadda ke sa a ce jinin wane "fozitib" ne ko "negatib". Garkuwar jiki ba ta yarda da alamar da ba ta sani ba. Mai rukunin O, alal misali, yana da sinadaran yaƙi da A da B tun yana jariri. Idan aka sa masa ledar jinin A, nan take garkuwarsa za ta fara fasa baƙin ƙwayoyin a cikin jijiyoyinsa.

Yawanci alamun suna bayyana a mintuna 15 na farko: zazzaɓi, rawar sanyi, ciwon kwankwaso, nauyin ƙirji, numfashi sama-sama, sai fitsari ya koma ja ko baƙi-baƙi kamar ruwan shayi. Idan ba a tsayar da ledar ba, ƙoda na iya daina aiki, bugun jini ya faɗi. Shi ya sa mai jinya ba ya barin gefen gado a wannan lokaci, kuma da ya ga sauyi sai ya kira nas, ba sai ya jira zagayen likita ba.

A Gidan Dare da sauran unguwannin Sakkwato, idan mai naƙuda ta zubar da jini ko yaro ya ɗashe, dangi ne kan garzaya Asibitin Ƙwararru ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo don ba da jini. Wannan zumunci abin yabo ne, sai dai akwai kuskuren da ke biye da shi: zaton cewa jinin ɗan'uwa dole ya dace. Uwa ɗaya uba ɗaya ma rukuninsu kan bambanta. Jinin miji kuwa ya fi kyau a kauce masa ga matar da ke cikin shekarun haihuwa, domin yana iya sa garkuwarta ta yaƙi jinin ɗan da za ta ɗauka nan gaba. Gwajin haɗa jinin mai bayarwa da na majiyyaci a ɗakin gwaji shi ke raba gardama, kuma matsa wa ma'aikata su tsallake shi don gaggawa ganganci ne.

Masu cutar sikila da ake yi wa ƙarin jini akai-akai su ne suka fi shiga haɗari, saboda kowace leda na iya koya wa garkuwarsu sabon abokin gaba. Nasu haɗarin yakan zo a makare, bayan kwanaki ko makonni da sallama: ido ya yi ruwan ɗorawa, jini ya sake yin ƙasa. Irin wannan majiyyaci, da macen da ta taɓa ɗaukar ciki, wajibi ne su gaya wa likita tarihinsu kafin a rataya leda. Mace mai jini negatib da ta haifi jariri fozitib ana yi mata allurar kariya da ake kira anti-D cikin sa'o'i 72 bayan haihuwa, don kada garkuwarta ta yaƙi jinin ɗan da za ta ɗauka nan gaba.