Kifin Afrilu: Zolaya da Kayan Zaƙi a Faransa

A Faransa ana kiran zolayar ranar 1 ga Afrilu da sunan kifin Afrilu, domin a ranar yara kan yanka takarda da siffar kifi su liƙa ta a gadon bayan wanda bai ankara ba, sai ya yi ta yawo da ita ana dariya. Masu gidajen burodi sun mayar da al'adar kasuwa, inda suke jera kifayen cakulan a bayan gilashin shaguna tare da wani gashi mai siffar kifi, wanda ake yi da kwaɓin fulawa da aka ninke da man shanu sau da yawa har ya yi ɓawo-ɓawo, sannan a cika tsakiyarsa da kirim da 'ya'yan itace.

Wasu masana suna danganta wasan da dokar Sarki Charles na Tara ta 1564, wadda ta tsayar da 1 ga Janairu a matsayin farkon shekara, wasu kuma suna alaƙanta shi da azumin Kiristoci kafin Ista, lokacin da ake barin nama a ci kifi. Al'adar ta ɗore saboda zolaya ce marar cutarwa da take haɗa yara da manya.