Ƙananan Wayoyi Masu Madannai da Makomar Baƙaƙe Masu Ƙugiya a Rubutun Hausa

1.0 Gabatarwa

Tun da aka fara amfani da wayar salula ta tsarin GSM a Nijeriya a watan Agusta na shekarar 2001, Hausawa suka sami sabon fagen rubutu wanda ba allo ba, ba takarda ba. Na'urar da ta buɗe wannan fage ita ce ƙaramar waya mai madannai, irin su Nokia 3310 (2000) da Nokia 1100 (2003), wadda saboda 'yar fitilarta jama'a suka yi wa irinta laƙabi da "raka-ni-kashi". Araha da riƙe caji sun sa har yau ire-irenta na hannun manoma da 'yan kasuwa. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda ƙirar wayar ta raunana baƙaƙe masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ.

2.0 Matsayin Baƙaƙen

Waɗannan baƙaƙe sun zauna a rubutun boko tun shekarun 1930. Biyu daga cikinsu, ɓ da ɗ, haɗiyau ne, shi kuwa ƙ tunkuɗau ne, kuma kowanensu ƙwayar sauti ce mai bambanta ma'ana, kamar yadda wannan zubin kamantau ya nuna:

baki da baƙi
kafa da ƙafa
fada da faɗa
bari da ɓari

Da yake rubutun yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, zubar da ƙugiya na ɗora wa mai karatu ƙarin nauyin cankar ma'ana.

3.0 Tarnaƙi Biyu

Tarnaƙi na farko yana ga madannan. Bisa ƙa'idar E.161 ta Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, an raba haruffan Ingilishi 26 a kan madannai takwas, daga 2 zuwa 9. Babu gurbin baƙi mai ƙugiya ko ɗaya, alhali q da v da x, waɗanda babu su a abacadar Hausa, kowane yana da mazauni. Haka kuma, samun harafi ya danganta da yawan latsawa: a madanni na 9, w latsawa ɗaya ce, x biyu, y uku, z huɗu.

Tarnaƙi na biyu yana ga saƙon kansa. Gajeren saƙo na ɗaukar haruffa 160 muddin duka suna cikin jerin haruffan GSM, wanda aka tsara bisa bukatun harsunan Yammacin Turai. Da zarar harafi ɗaya ya fita daga jerin, sai saƙon ya koma tsarin Unicode, inda iyakarsa haruffa 70 ce. Idan saƙo ya zarce haka, ana yanka shi gida-gida, kowane gida haruffa 67. Saboda haka saƙo mai haruffa 150 da zai tafi a matsayin ɗaya, ƙ guda tak za ta mayar da shi uku, kuɗinsa ma ya ninka uku. Ke nan ko da wayar ta iya nuna harafin, kiyaye ƙa'ida ya zama abin biyan tara.

4.0 Dabarun Masu Rubutu

Bahaushe bai naɗe hannu ba. Ana iya kasa dabarunsa gida huɗu:

(a) Zubar da ƙugiya gaba ɗaya: kasa a maimakon ƙasa.
(b) Amfani da hamza, wadda take cikin jerin GSM: d'aya, k'asa. Wannan ne ya sa 'y na Nijeriya ya tsira, saɓanin ƴ na Nijar.
(c) Aron abin da ke zaune a banza: q a gurbin ƙ (qasa), da lamba 6 a gurbin ɓ (6ata) saboda kamannin sura.
(d) Taƙaitawa: slm, lfy, ngd, da kuma xan a maimakon zan, wanda ana iya danganta shi da ragin latsawa biyu.

Dabarar (c) abin lura ce ga masana, domin tana nuna cewa mai rubutun yana jin bambancin sautin sarai, kayan aiki ne kawai suka gaza masa.

5.0 Kammalawa

A yau manyan wayoyi suna da madannan Hausa, irin na Gboard, amma sabo turken wawa: qasa da xan sun bi masu su zuwa Facebook da WhatsApp. Yaron da ya fara rubuta Hausa a waya kafin ya shiga aji yana iya ɗaukar su a matsayin daidai. Haka nan saƙon rigakafi ko na banki da aka tura wa mai ƙaramar waya ba shi da malamin da zai warware harshen damo. Ya kamata sassan koyar da harsunan Nijeriya su amince da madadi guda na wucin gadi, wanda hamza ta fi cancanta da shi, su kuma nemi masu ƙera wayoyi su sanya ɓ da ɗ da ƙ a madannai na 2 da 3 da 5. Matsalar ta shafi ɗige-ƙasa na Yarbanci da na Ibo, don haka neman ya fi ƙarfi idan aka yi shi da murya ɗaya.